Kube a Damtse, Ƙarfe a Faranti

Ku gyara zama, jama'a, a rage muryar rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Yau zan gabatar muku da Amirul Wuƙaƙe, Babban Hafsan Almakasai, Gwamnan Aska da Adda, mai mulkin ƙasa mai faɗin taku arba'in da tsawon taku sittin a gindin dutsen Utaibiyya a Makka, wadda talakawanta suka haɗa da akuya uku, da zakara mai ido ɗaya, da ni. Sunansa Wada. Baba Wada Mai Washi. In wannan kirari ya ruɗe ka har ka zo neman fada, abin da za ka tarar shi ne wani siririn tsoho cikin riga mai tabon tsatsa, yana taka keken washinsa da ƙafa ɗaya sai ka ce tela, ko ɗago kai ba zai yi ba.

Ni kuwa Awwalu ne, ɗan ƙanwar matarsa, haifaffen Makka. Na yi madarasa shekara huɗu kafin malamai su taru su yanke shawarar cewa ilimin da na samu ya ishe ni, ni ma na ishe su. Tun daga nan na yi dakon ruwa, na yi tallan carbi, na yi kiran fasinja a motar Mina, babu aikin da na cika wata uku a cikinsa. Rubutu kaɗai ya manne mini, shi ya sa kuke shan wannan wahala.

Baba Wada ya baro ƙasar Katsina da ƙafa yana saurayi, shi da ƙanensa Mukhtaru. Shekara tara suka yi a hanya: noma a Chadi, tsinkar auduga a Sudan, sannan jirgin katako daga Sawakin. Sai dai shi kaɗai ya sauka Jidda. A unguwa akwai labari kala uku a kan yadda Mukhtaru ya rasu, kowanne da zaki ko 'yan fashi a ciki. Na gaskiyar na ji shi wurin Inna Hure, matar Baba, wata rana tana tsintar shinkafa, kuma babu ko kyanwa a cikinsa. Wasan Salla ne a wani gari na mutanenmu a bakin kogi. Tsokana ta zama cacar baki, Mukhtaru ya zare wuƙa don ya tsorata mutum kawai, aka yi turereniya, ya faɗi a kanta. Inna ta ce ko wanda ake faɗan da shi sai da ya yi kuka.

Wuƙar irin ta damtse ce. Duk wanda ya biyo ta Chadi da Sudan ya san ta: gajeriya ce cikin kube na fata, da madauri a jikin kuben, a ɗaura sama da gwiwar hannun hagu, hannun riga ya rufe ta ruf. Har yau in Baba ya naɗe hannun riga zai yi alwala, za ka ga wani zobe mai haske a damtsensa, inda tasa ta zauna. Ban taɓa tambayarsa ba. Ni ɗin ba ni da kunya, amma ina da rai, kuma ina son abina.

A Makka ya koyi washi wurin wani Bajawe, mutumin Jawa, ya gaji kekensa. Filin kuwa tun yana kangon duwatsu da ba mai so ya share shi, ya kafa ɗaki da gwangwanin kananzir, ya bi ƙofofi shekara da shekaru har ya samu takardar mallaka. Tana nan cikin gwangwanin shayi ƙarƙashin gadon Inna Hure, bai iya karanta ta ba, amma ya san kowane hatimi da ke jiki. Kafin Babbar Salla mahauta kan yi layi a ƙofarsa tun daga masallaci. Ya san wuƙaƙen unguwar nan fiye da yadda ungozoma ta san 'ya'yanta. Zai kalli kaifi ya ce mai wannan bahago ne, ko ya ce wannan matarsa na sara ƙashi da ita a ɓoye.

To, mu mutanen Makka Babbar Salla ba tamu ba ce, ta baƙi ce, mu aiki muke yi. Tamu ita ce Ƙaramar Salla. Kwana uku bayan la'asar samari kan buga mizmar. Sunan na nufin algaita, amma babu algaita ko ɗaya a ciki, kada ku tambaye ni dalili. Ganguna ne, da tafi, da 'yar wuta a tsakiya don gasa fatar ganga, sai maza biyu-biyu su shiga da sanduna suna juya su sama da kai, suna zagaya juna. A unguwarmu babu fili mai shimfiɗa irin na Baba Wada, don haka can ake yi.

Dokarsa ɗaya ce: ƙarfe ba ya shiga. Amma ku ga dabara. Ba ya caje kowa, ba ya taɓa jikin kowa, ba ya cewa kawo. Sai ya jawo kekensa bakin ƙofa, ya ajiye babban farantin Inna Hure na cin shinkafa, ya ce yau washi kyauta ne albarkacin Salla. Mutum ya zo da girman kansa, ya ajiye wuƙa a faranti kamar wanda ya yi wa tsoho alfarma, ya shiga ya yi rawarsa, in zai fita ya karɓi abarsa tana walƙiya. Babu wanda aka ƙwace wa komai. Maganarsa ita ce, wanda ya zo wasa ya kawo a wasa. Na taɓa rubuta masa ita a bango da gawayi, sai na ga kalmomin biyu sun fito iri ɗaya sak, na ce masa Hausa ta yi mana rowa. Ya ce in goge bangon.

Haka ake yi lafiya lau har Sallar shekarar 1385, wadda masu kalandar Nasara ke kira 1966.

Akwai wani mai suna Issoufou. Haka Faransawa suka rubuta a takardarsa, kuma haka yake so a rubuta, ko da yake a baki Isuhu ne. Mutumin ƙasar Tawa ne, dogo, shiru-shiru, yana aikin fasa dutse. Shekararsa biyu a Makka, yana jiran Hajji mai zuwa ya yi, ya koma wurin matarsa Zali da 'yar da aka haifa bayan tasowarsa. Abokina ne, irin abokantakar da ni ke magana shi yana saurare.

Akwai kuma Dawuda. Shi kakansa ne ya zo, don haka Hausarsa ta yi tsami, Larabci ya fi zama a bakinsa. Direban babbar mota ne, ƙirji kamar ƙofa, gwanin sanda na unguwa. Ba mugu ba ne, amma yana son dariya, musamman in wani ne ya biya kuɗinta da mutuncinsa. A Sallar bara, a wani fili daban, ya sa bakin sanda ya tuge hular Issoufou gaban jama'a, ya kira shi mai ƙurar hanya. Mu 'yan Makka mun yi dariya mun manta kafin isha. A Tawa, ashe, hular namiji ba ta faɗuwa ƙasa a banza.

Har daren ashirin da tara ga azumi ban sake jin zancen hular ba. Da rana tsaka na ji, ranar jajibere, muna zaune a inuwar shagon gahawa da ke rufe. Issoufou ya shafa damtsensa na hagu, ya ce hular da ta faɗi bara har yanzu tana ƙasa, gobe zai ɗauke ta. Na yi masa barkwanci biyu, bai yi murmushi ba. Kowa a garin nan ya san abin da ke biyo bayan kisa: alƙali, sannan takobi. Na ga Dawuda kwance, na ga Issoufou durƙushe, na ga wata yarinya a Tawa da ba za ta taɓa sanin fuskar ubanta ba. Na ruga wurin Baba Wada na zayyana masa komai, har da abin da ban ji ba. Yana ta taka kekensa. Da na gama sai ya ce ya sani, wai shekara biyu yana ganin yadda mutumin ke riƙe hannun hagu nesa da haƙarƙari kamar mai ƙurji a hammata. Na ce to me za a yi? Ya ce in je in wanke farantin.

Ranar Salla bayan la'asar faranti ya cika. Na ƙirga wuƙa talatin da takwas, har da almakashin wani tela da ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ganguna sun fara ɗumi. Dawuda ya riga ya shiga da abokansa. Sai ga Issoufou cikin farar riga mai faɗin hannu, da hular nan a kai.

Ya gai da Baba, ya yi masa barka da Salla, zai wuce. Baba ya miƙe ƙafar da ba ta taka keke ya tare ƙofa, ya ce washi kyauta ne yau, ɗana.

"Ba ni da komi, Baba."

Baba bai ce ƙarya yake yi ba. Ya ce to madalla, amma ya ɗan zauna ya taya shi hira, tsoho ba ya son zama shi kaɗai. Issoufou ya zauna, keke na ƙugi, ganga na kira. Ni ina tsaye da butar ruwan da ake ɗiga wa dutse, ruwan na zuba a ƙafata ban sani ba.

Issoufou ne ya fara gajiya. Ya ce Salla ba ta mutum ɗaya ba ce, wasa na jama'a ne, ba a hana Musulmi shiga. Baba ya ce gaskiya ne, Salla ta Allah ce, titi na hukuma ne, amma daga wannan dutse zuwa waccan bishiyar magarya nasa ne, da takarda da hatimi, kuma shi zai amsa tambaya in jini ya zuba a kai. Issoufou ya ce abin da ke cikin rigarsa ba ya cikin gidan kowa, rigarsa ita ce gidansa. Baba ya ce ya yarda, to gidan ya tsaya a waje, in kuwa gidan zai shiga cikin gida, sai ya bi dokar mai ƙasa.

Na ɗauka nan za a tsaya. Sai Issoufou ya faɗi maganar da ta sa ni kaina na rasa gefen da zan bi. Ya nuna cikin fili da haɓa. Ya ce ga Dawuda can da abokai goma, da sanda mai kaurin taɓarya, da zoben ƙarfe a bakinta, duk an bar su sun shiga. Shi ba shi da dangi a garin nan, ba shi da Larabcin kai ƙara, abin da ke damtsensa shi ne danginsa. In an raba shi da shi, wa zai tsaya masa?

Keke ya tsaya. A rayuwata ban taɓa ganin ya tsaya da wuƙa a kan dutse ba.

Baba ya aike ni in kira Dawuda. Ya zo yana zufa yana tambayar lafiya. Baba ya karɓi sandarsa, ya juya ta, ya ɗauko awartaki, ya ɓamɓare zoben ƙarfen da ke bakinta, ya jefa a faranti ya yi ƙara. Dawuda ya yi ta ƙorafi da Larabci, wai ado ne kawai, wai sandar kakansa ce. Baba ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne, in an tashi ya zo ya karɓa, zai mayar masa da hannunsa. Dawuda ya kalli Issoufou, ya yi wata 'yar dariya, ya koma ciki.

"Kana da gaskiya a wannan," in ji Baba. "Wanda ya raba mutum da makaminsa, tsaron mutumin ya hau wuyansa. Muddin kana tsakanin dutsen nan da magarya, kai baƙona ne. Saura naka."

Issoufou ya sunkuyar da kai. Can ya ce ko yana so ba zai iya ba, akwai rantsuwa. Ranar da zai taso, ubansa ya ɗaura masa ita da hannunsa a ƙofar gida, ya ce abin ga da na ɗaura maka, kada ka kwance shi sai ka komo. Ya rantse. Uban ya rasu bara, wasiƙa ta zo. Babu mai warware masa.

Nan na ce shi ke nan, an gama. Wa zai yi jayayya da mamaci? Baba kuwa sai ya karkata kai kamar yadda yake yi in yana duba kaifi a hasken rana.

"Sake faɗa mini. Me ya ce?"

"Abin da na ɗaura maka, kada ka kwance."

"Me ya ɗaura?"

"Wuƙa mana, Baba."

"Ana ɗaura wuƙa? Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin madauri a jikin ƙarfe ba. Kube ake ɗaurawa. Wuƙa sakawa ake yi. Ya ce kada ka kwance, ko ya ce kada ka zare?"

Baba ya tambayi Issoufou ko a shekara biyun nan da tafiyar da ta gabace su bai taɓa yanka kankana da ita ba, bai taɓa fere asuwaki ba. Ya ce ya yi. Baba ya ce to rantsuwar ba ta karye a kan kankana ba, ba za ta karye a kan faranti ba. Kuben ya zauna inda marigayi ya ajiye shi, ba mai taɓa shi. Ƙarfen ya zo a wasa.

Ban san tsawon lokacin da Issoufou ya ɗauka ba. Ni dai na karanta duk abin da na fito da shi daga madarasa, ya ƙare, na sake daga farko. Sannan hannun dama ya shiga hannun riga, ya fito da 'yar wuƙa mai ƙotar baƙin itace, ya ajiye ta a hankali a kan sauran. Baba ya janye ƙafa.

Kada ku ce an gama, don ni ma haka na ce, har na shiga layin tafi ina wage baki. Zagaye na huɗu aka haɗa Issoufou da Dawuda. Ko wani shaiɗani ne ya tsara, ko su suka nemi juna, ban sani ba. Issoufou bai iya mizmar sosai ba, amma hannun mai fasa dutse ne, sandarsa na kuka a iska. Suka zagaya wuta sau biyu. Dawuda ya ga jama'a na kallo, halin ya motsa. Ya yi wata juyawa, bakin sanda ya ɗan taɓa, hula ta yi sama ta faɗo kusa da toka.

Wasu suka fara dariya, ba su ƙarasa ba. Issoufou ya saki sanda. Hannun damansa ya shige hannun riga da saurin da ban taɓa ganin irinsa ba, ya fito a dunƙule, ya yi gaba taku ɗaya. Sai ya tsaya yana kallon hannun. Babu komai a ciki.

Ganga ta mutu. Duk wanda ke filin nan ya san abin da ake ajiyewa a wannan wuri, kuma kowa ya ga inda hannun ya nufa: ƙarƙashin haƙarƙarin Dawuda na hagu. Dawuda ma ya gani. Fuskarsa ta koma kalar tokar da ke gabansa. Abokansa suka fara matsowa da sanduna.

Sai ga Baba Wada ya ratso layi, ba sauri, da tsumman goge hannu a kafaɗa. Ya tsaya tsakanin Issoufou da samarin, tsohon da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Bai kalle su ba. Ya zuba wa Dawuda ido.

"Ɗana, hular baƙona ce a ƙasa."

Dawuda ya duƙa. Ya ɗauki hular, ya kaɗe ta a gwiwarsa, ya busa tokar da ta saura, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce wani abu a hankali, kuma da Hausa ya faɗe shi, Hausar nan tasa mai tsami. Issoufou ya karɓa ya sa. Wani mai hankali cikin makaɗa ya buga ganga, tafi ya biyo baya da ƙarfin da ya fi na da, irin tafin mutanen da suka ga rami bayan sun tsallake shi. Ni dai na zauna a kan turmin Inna Hure ina dariya ba dalili.

Kafin magariba kowa ya karɓi ƙarfensa, har Dawuda da zobensa. Issoufou ya zo ƙarshe, ya tsuguna gefen keke. Ya ce, Baba, na zare fa. Baba ya ce ya gani. Ya ɗaga 'yar wuƙar ya duba, ya ce akwai tsaga a bakinta, aikin kwana uku ne, ya dawo bayan Salla. Na leƙa. Babu tsaga ko ta gashin ido. Issoufou ma ya san wuƙarsa, amma ya ce to, Allah ya kai mu. Inna Hure ta aiko masa da shinkafa a cikin farantin nan bayan an ɗauraye, ya cinye tas.

Ya yi Hajjinsa a shekarar, da kube a damtse a ƙarƙashin harami, wuƙar kuwa, kwana ukun nan suka yi ta miƙewa, tana wurin Baba har aka sauko daga Arfa. Dawuda ne ya kai shi Jidda a gaban mota. Ba su zama abokai ba, kada in yi muku ƙarya, an ce har suka isa ba wanda ya ce uffan. Amma ya hau jirgi da kansa a wuyansa da hularsa a kai.

Da na gama rubuta wannan, na je na tsaya gaban Baba Wada, na gyara murya, na karanta masa tun daga Amirul Wuƙaƙe har zuwa jirgi. Na ƙara masa da sabon kirari nan take: alƙalin da ya raba kube da ƙarfe, mai fatawar da malaman madarasa ba su kai ba, garkuwar baƙo, katangar Utaibiyya. Na ce, Baba, me ka gani? Sunanka zai kai Kano.

Ya gwada kaifin wata aska a farcensa, ya mayar da ita kan dutse.

"Matsa, ka tare mini haske."